Birkin Baya na Motar Baba

Ni na fara jin ƙarar, don ni ke tuƙa motar. Duk sanda na taka birki sai wata gurzawa ta taso daga baya, kamar ana kankare ƙanzon tukunya da cokali. Baba ma ya ji. Yana zaune a gefena, ya juyo da kai da ƙyar, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna baya. Mutumin da ya tsufa yana tuƙa babbar mota ba sai an gaya masa lainin birki ya cinye ba.

Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye maganarsa ta ɗauke. Hankalinsa garau yake, ya san kowa, ya san ranakun mako, bakin ne kawai ya ƙi. Ni ce auta, ni ce a gidan, don haka wanka da canjin shimfiɗa da ɗauka da saukewa duk nawa ne. Motar nan kuwa ita ce ƙafarmu. Asibitin da ake yi masa gashin hannu yana can ƙarshen gari, masu tasi kuma da sun hango keken guragu sai su ƙara wuta su wuce. Da ƙyar muka sami gurbi a wurin gashin. Matar da ke yi masa ta gaya min baki da baki cewa yatsunsa sun fara motsi, in aka ci gaba zai iya riƙe cokali, in kuwa muka fara fashi hannun zai sandare, kuma akwai mutane a layi suna jiran gurbin.

Ina da yayye maza biyu, Yaya Babba da Dogo, kuma ba sa ga maciji da juna tun rasuwar Inna. Yaya ya ce ba a kira shi da wuri ba, Dogo ya ce ya kira ba a ɗaga ba. Shi ke nan abin da ya raba su. Ba sa gaisawa, ba sa ambatar sunan juna, in ɗaya ya ga motar ɗaya a ƙofar gida sai ya wuce ya dawo an jima. Amma kowannensu yana so a ce shi ne ɗan da ke kula da Baba, muddin kulawar ba ta kai ga wanke bayan gida ba.

Na aika musu saƙo iri ɗaya, na ce birki yana ƙara, zan kira makanikin bakin titi ya duba. Kamar sun haɗa baki, kowa ya ce kada in soma. Motar Baba ba ta taɓa shiga hannun bare ba, shi zai zo ranar Asabar ya yi da kansa.

Gaskiya ne Baba ya koya musu. Tun suna yara yake zaunar da su a gindin motar nan. Ni da nake mace aikina riƙe kwanon noti ne, amma kunnena yana ji. Birkin baya ba kamar na gaba ba ne. Wani kwanon ƙarfe ne ya rufe shi, Baba yana ce masa ganga, in ka zare shi sai ka tarar da lainin guda biyu masu lanƙwasa, da sifirin iri-iri, dogo da gajere, da wani ɗan ƙarfe mai haƙora da ake juyawa a matse birkin, da sandar birkin hannu, kowanne da ramin da yake maƙalewa. Dokar Baba ɗaya ce a kai. Gefe ɗaya ake kwancewa, a bar ɗaya gefen a haɗe. Wanda aka bari shi yake kira malami. In ka rikice sai ka zagaya ka leƙa malami, ka dawo ka yi yadda ka gani. Sai ka gama gefen farko tsaf sannan ka taɓa na biyu.

Yaya ya zo da safe cikin wata sabuwar rigar aiki da ko giris ba ta taɓa gani ba. Ya tsugunna ya gaida Baba, ya ce yau zai ga aiki. Na fito da Baba baranda inda zai riƙa kallo, na ce tunda ga Yaya bari in je kantin magani. Layin ya yi tsawo, ban dawo ba sai da rana ta take. Na tarar an ɗaga bayan motar an tokare ta da bulo, tayoyin baya biyu suna jingine da bango, gangunan kuma duk suna nan a rufe kamar ba a taɓa su ba. Yaya yana wanke hannu.

"Lainin da suka ba ni ba nata ba ne, ya yi girma," ya ce. "Zan je in canzo. Kada ki bari kowa ya taɓa min aiki."

"Wane ne kowa, Yaya?"

"Kin fi ni sani."

Abin da bai gaya min ba shi ne ya riga ya kwance gefen hagu ƙarƙaf. Ya mayar da gangar a kan fanko, kamar yadda Baba ya koya musu, ba a barin birki a buɗe ƙura ta shiga. Kayan da ya ciro kuwa ya zuba su a leda ya kulle a but ɗin motar, ya tafi da mukullin, don kada ƙaninsa ya zo ya ƙarasa aikin a ce shi ya yi.

Ko kwanar titi bai gama sha ba sai ga Dogo. Na rantse a wani lungu yake laɓe yana jira. Ya shigo da akwatin sifanoninsa, ya kalli motar, ya taɓe baki.

"Dogo, Yaya ya zo da safe, ya ce..."

"Na ga alama. Taya kawai ya iya cirewa, ya gaji ya gudu."

"Ya ce kada a taɓa."

"Auta, in kina son mu rabu lafiya kada ki ƙara kawo min maganar mutumin nan. Je ki yi aikinki."

Na tafi bayan gida wankin zannuwan gado, raina a ɓace. Ina jin bugun guduma yana sassauta gangar dama. Can sai na ji wani bugun daban, na tafin hannu a kan ƙarfe, da gurnanin Baba. Na fito da kumfa a hannuna. Baba ne yake dukan hannun kekensa da iya ƙarfinsa, idonsa a kan gefen hagu na motar, wuyansa duk jijiya. Shi ya ga abin da Yaya ya yi da safe, shi kaɗai a gidan ya san babu komai a cikin gangar can.

"Ƙurar birkin ce ta dame shi," Dogo ya ce. "Ba ta da kyau ga huhu. Sannu Baba, yanzu zan gama."

Ya kama keken ya tura shi ɗaki, ya kunna masa fanka, ya ja ƙofa. Har yana ce min in riƙa lura, ba a ajiye marar lafiya kusa da aiki irin wannan. Na shiga na ba Baba ruwa ya kawar da kai. Na duba ko fitsari ne, ba shi ba ne. Ya riƙe gefen zanena yana nuna ƙofa, ni kuwa na kasa gane abin da yake nufi.

Dogo ya kwance gefen dama tas, ya wanke komai da fetur, ya shanya a kan kwali. Hoto ma bai ɗauka ba, ga waya a aljihunsa, don me zai ɗauka tunda ga malami can yana jira. Ya ɗauko sabon lainin da ya zo da shi, ya gwada sifirin nan ya gwada can, ya yi ɗan tsaki, sannan ya miƙe yana fito ya zagaya gefen hagu. Ya zare gangar.

Fiton ya tsaya. Ya daɗe a tsugune yana kallon farantin ƙarfe wanda babu komai a jikinsa sai silindar man birki. A haka Yaya ya shigo ya same shi.

Shekara da shekaru ba su tsaya a tsakar gida ɗaya ba sai ranar. Yaya ya kalli gefen dama, ya kalli kwalin, ledar hannunsa ta faɗi ƙasa.

"Auta, tambaye shi wa ya sa shi."

"Auta, tambaye shi wane irin mutum ne zai kwance birki ya mayar da ganga a kan fanko."

"Gaya masa haka Baba ya koya mana, in ya manta."

"Gaya masa Baba bai koya mana ɓoye kaya a but ba."

Tsakaninsu bai wuce a miƙa hannu a taɓa ba. Na ce ni ba 'yar aike ba ce, kuma Talata muna da gashi, su san yadda za su yi. Na sake kawo maganar makanikin bakin titi. A nan ne suka fara yin baki ɗaya, ko da yake ba su kalli juna ba. Yaya ya ce a ji a gari 'ya'yan Direba sun kasa haɗa birki? Dogo ya ce Allah ya kiyaye.

Kowa ya koma gefensa ya duƙufa. Dogo ya nemo bidiyo a waya, amma na wata mota ce daban, sifirinta ma ba su kai namu yawa ba. Yaya ya ce shi da kai yake aiki ba da waya ba, ya maƙala dogon sifirin a ƙasa, ya cire, ya mayar sama, ya cire. Filaya ɗaya ce mai kyau a gidan, sai ɗaya ya ajiye ɗaya ya miƙo hannu ta ƙarƙashin mota ya ja. Kafin la'asar kayan hagu da na dama sun gauraye a kwali ɗaya. Wani sifirin ya kufce wa Yaya ya yi tsalle ya faɗa magudanar ruwa, ni aka sa na tsamo shi da waya. Dogo ya danna silinda da sukudireba, man birki ya tsiyaye a kan sabon lainin, ya goge da gefen rigarsa ya yi kamar ba a yi ba.

Washegari da suka dawo na ce a fito da Baba. Shi ya san motar nan fiye da tafin hannunsa, a nuna masa, ya nuna mana. Suka yarda don ba su da yadda za su yi.

Na turo shi har gindin tayar. Da ya ga kwalin sai ya rufe ido na ɗan lokaci. Sannan ya buɗe, ya miƙa hannun hagu, ya nuna ƙarfen nan mai haƙora, ya nuna ɗaya gefen motar. Ni dai abin da na gane shi ne an sa na hagu a dama.

"Kin gani ko, cewa yake aikin wancan gefen ne ba daidai ba," Yaya ya ce.

"Auta, gaya masa ni yake nuna wa in karɓi aikin duka."

Baba ya girgiza kai, ya sake nunawa, ya buɗe baki, sautin da ya fito ba kalma ba ce. Yawu ya zubo masa, na goge. Ya sake gwadawa. Su kuwa sun riga sun ɗora gardama a bisa kansa, wannan yana cewa Baba kaza yake nufi, wancan yana cewa a'a, ba wanda ya ƙara kallon hannun. Na ga lokacin da ya sauke shi a cinya ya daina. Ban taɓa jin tsanar 'yan'uwana ba sai a wannan lokacin, kuma ba zan ɓoye ba, na tsane su har cikin raina.

Da yamma suka ce sun gama. Gangar dama sai da guduma ta shiga, ta hagu kuwa tana lilo. Sifirin ɗaya ya rage a kwali, Dogo ya tura shi aljihu yana waige. Suka ɗaura tayoyi, suka sauke motar daga bulo. Yaya ya shiga ya tayar, ya ja baya kaɗan zuwa inda tsakar gidanmu ta gangara wajen ƙofa, ya ja birkin hannu, ya fito yana karkaɗe hannu.

Motar ta bi gangaren a hankali, ba kowa a ciki. Dukansu suka ruga suka kama ta ta gaba, ta ja su, ta je ta daki ƙofar gidan da baya. Ƙofar ta ɓalle daga ginin ta faɗi a titi, fitilar baya ta tarwatse. Maƙwabta suka fito suka yi cirko-cirko. Wani tsoho da ya san Baba tun yana tuƙi ya ce, "Ikon Allah, motar Direba ce haka?"

Yaya da Dogo suna tsaye suna haki, mai ya ɓata su har gira. Sai Dogo ya kalli yayansa ido cikin ido ya ce, "Yaya, mu shigar da ita, mutane suna kallo."

Suka turo ta tare, suka ɗaga ƙofar tare suka jingine. Sannan suka koma can gindin bango suna magana ƙasa-ƙasa, har na ji Yaya ya yi 'yar dariya. Suka shiga ɗakin Baba suka zauna a bakin gadonsa, ɗaya a nan ɗaya a can, na kawo musu shayi. Baba yana kallon wannan yana kallon wancan, hawaye yana bin gefen fuskarsa, ya kama hannun Dogo ya ɗora a kan na Yaya. Ni ma sakarya har na ji sanyi a raina, na ce ko banza an sami wani abu.

Da za su tafi suka kira ni baranda.

"Mun yi shawara," Yaya ya ce. "Motar nan ta gama yayi. Yau Allah ya tsare. Da Baba yana ciki fa?"

"Lafiyarta ƙalau kafin ku taɓa ta. Lainin kawai take so."

"Ke me kika sani a mota?" in ji Dogo. "Komai nata ya ruɓe. Yaya ya gani, ni ma na gani. Akwai abokina mai sayen tsofaffi yana ɓarewa, zai zo ya ɗauka."

"A kira makaniki ya haɗa. Aikin rabin yini ne."

"Ya buɗe ya ga me?" Yaya ya faɗa, sai kuma ya farga da abin da ya fito daga bakinsa. Ya gyara murya. "Ba za mu sa ran mahaifinmu a cikin wannan gwangwanin ba. Magana ta ƙare."

"Gashin fa? Talata ne."

"Ga mu mu biyu da motoci," Dogo ya ce. "Yanzu ai komai ya wuce. Wannan ya kai yau, wancan ya kai gobe."

Na yi magana har muryata ta dushe. Na ce ba tsoron ran Baba suke ji ba, tsoron bakin makaniki suke ji. Yaya ya ce in iya bakina, shi ba sa'ana ba ne. Dogo ya ce gaskiyar Yaya ce, na fara raina manya. Suka fita tare, har Yaya yana riƙe masa akwatin sifanoni.

Litinin da sassafe na je wurin makanikin da ƙafata. Ya ce aiki ya yi masa yawa, sai Laraba. Kafin in dawo motar janwe tana ƙofar gida ta zo jan motar Baba, takardun motar kuma dama suna hannun Yaya. Dogo yana ɗakin baya tare da Baba, ya ƙure rediyo don kada ya ji ƙarar sarƙa.

Ranar Talata tun kafin in shiga Baba ya farka yana jan wuyan rigar barcinsa. Na yi masa wanka, ya nuna rigar da yake so, na sa masa, na ɗaura masa takalmi. Na fita waje na kira Yaya. Ya ce wallahi taro ya tsare shi a ofis, amma in kira Dogo, yaron kirki ne, ba zai ƙi ba. Na kira Dogo. Ya ce yana can wajen gari karɓo kaya, kuma kada in ga laifin Yaya, aiki ne ya yi masa yawa, mako mai zuwa in Allah ya yarda. Na tsaya a bakin titi ina ɗaga wa tasi hannu. Biyu suka tsaya, da na ambaci keken guragu da nisan wurin ɗaya ya ce ba hanyarsa ba ce, ɗayan ya ja motarsa ya wuce.

Da na koma na tarar Baba ya ja kekensa da ƙafa ɗaya har bakin ƙofar falo. Daga nan ana ganin tsakar gida. Yana kallon wurin da motar take tsayawa, babu komai sai bulo da tabon mai a siminti. Bai yi gurnani ba, bai daki keken ba. Ya juyo ya kalle ni.

Wayata ta yi ƙara. Matar gashin ce, tana tambaya ko muna hanya, don lokacinmu ya shiga. Na ce yau ba za mu samu zuwa ba. Ta ce mako mai zuwa fa, ta riƙe mana ko ta ba wa na bayanmu? Na san yayyena. Na ce ta ba shi.

Duk a kunnen Baba na faɗa. Na ajiye wayar, na durƙusa a gabansa, na kwance takalmin ƙafar da ta shanye na cire. Da na kai hannu ga ɗayar sai ya janye ta ƙarƙashin keken, ya ƙi ba ni.